Fitilar Ciyaman

Malam Meshak yana kan mataki na bakwai na tsani, baƙar leda a hammata, lokacin da gwiwarsa ta tuna masa shekarunsa. Ya rungume sandar fitila ya huta. A ƙasa matarsa Afiniki ta riƙe tsanin da hannu ɗaya, ɗayan kuma a ƙugu.

"In ka faɗi, zan ce wa Fasto mangwaro ka hau," in ji ta. "Ya fi mutunci."

"Riƙe da hannu biyu, don Allah."

Wata biyu ke nan da 'yarsu Doreen ta aiko masa da madubin hangen taurari daga Abuja, kyautar ritaya, bayan ya shekara talatin da biyar yana zana wa yara sararin sama da alli. Ya haɗa shi a bayan gida yana bin takardar bayani layi-layi. Sai da ya gama ya gano ba shi da sama. Katangar da ya ƙara wa tsawo bayan rikicin shekarun baya ta cinye gabas, benen maƙwabci ya cinye yamma. Ɗan abin da ya rage bai wuce faifai ba, shi ma fitilar sola ta unguwa tana wanke shi fes daga faɗuwar rana. In ya leƙa, fari fat yake gani, kamar ya kafa ido a kwanon koko. A ƙauyensu wajen Madakiya akwai duhu mai kyau, amma wa ke zama a fili bayan almuru yanzu?

Fitilar kuwa shi ya kawo ta. Shi ne ciyaman na kwamitin tsaron layinsu. Wata shida yana zarya kafin a ba su ita, ya nace a kafa ta jikin katangarsa, ya kuma zaɓi wadda ba ta da makunni don kada wani mugu ya kashe. Ranar da aka kunna ta har aya ya jawo a kan haske da duhu, aka yi masa tafi.

Duk Lahadi Doreen takan kira ta ce, "Dadi, me ka gani?" Shi kuma yakan ba ta labarin tauraron nan mai zobe, da launinsa, da yadda ya ɗan karkace, duk daga hoton jikin kwalin madubin. Yau da yamma za ta iso Kafanchan don ta gani da idonta. Shi ya sa ya yanke shawarar rufe farantin fitilar mai zuƙar rana da leda tun da safe, batir ya kwana da yunwa. Dare ɗaya tak.

"Ciyaman! Kai da kanka?"

Mama Regina ce, bokitin ruwa a ka. Bara ta dawo layin daga ƙauye bayan an ƙone gidanta, ƙofar ɗakinta kuma tana kallon fitilar. Ta sauke bokitin tana haki.

"Yesu ya yi maka albarka, Baban Doreen. Ko jiya na gaya wa maƙwabciyata Bernice, wutan nan ya fara gajiya. Kafin zakara ya yi cara sai ya koma ja-ja. Ni da na ga haka, barci ya tafi. Sai in sa takalmi in zauna bakin gado har gari ya waye."

"Ai tun jiya ba shi da magana sai ta fitilan nan," in ji Afiniki, ko murmushi babu.

Meshak ya hau mataki biyun da suka rage ya leƙa saman farantin. Kashin tsuntsaye ya rufe fiye da rabinsa, ga busassun ganye. Da ya ƙara haƙurin mako guda, da tsuntsaye sun gama masa aikin kyauta, ba tsani ba zunubi.

Mama Regina ta cire ɗankwalinta, ta tsoma a bokiti, ta matse, ta miƙa wa Afiniki. Afiniki ta ɗaga shi sama da ladabin da bai taɓa gani a wurinta ba.

"Ranka ya daɗe, ga tsumma."

Ya dubi ledar, ya dubi kan tsohuwar da ta bari a buɗe, furfura fat. Ya cusa ledar a aljihu ya karɓa. Yana cikin gogewa waya ta yi ƙara. Ya maƙale ta da kafaɗa.

"Dadi, mun wuce Keffi! Yaya sama, akwai hadari?"

Ya ɗaga kai da fatan ya ga hadari. Ko gajimare ɗaya babu.

"Garau yake," ya ce. "Doreen, in kin iso, ki zauna tukuna. Akwai maganar da zan gaya miki."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Babanki ne kawai."

Ya kashe wayar. Daga ƙasa Mama Regina ta kare idonta da tafin hannu.

"Ciyaman, wajen hagu. Ka bar wani wuri."

Ya goge wajen hagun.