Aiki Ɗaya, Adireshi Biyu

Manaja ya kara wa Injiniya wayarsa a kunne ba tare da sallama ba. Daga can, lasifikar asibiti tana ta kiran wata tsohuwa zuwa ɗakin likita, alhali tsohuwar ta ga likita tun safe, ta karɓi maganinta, ta tafi gida.

"Kin ji aikinki, Injiniya?" in ji shi. "Shugaban asibitin yana so ya san wanda ya yi wannan kafin a tashi. Ni ma ina so in san wanda zan sallama."

Kamfaninsu ne ya rubuta manhajar da ke kiran marasa lafiya bi da bi. Injiniya ta ture kofin shayin da wani ya bari a kan teburinta har ya yi fata, ta buɗe kwamfuta.

Ba ta sha wahalar nema ba. Manhajar kashi biyu ce: babban shiri, da laburare, wato rumbun ƙananan ayyuka da babban shirin ke ara. Kowane aiki yana da adireshi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, linka kuma, shirin da ke ɗinke su wuri guda, shi ke sa kowa ya yi amfani da adireshi ɗaya. Sai wani ya liƙa wa aikin kiran suna wata kalmar Turanci mai nufin "mai kariya". Tun daga nan laburare ya koma nuna ainihin ɗakin da aikin yake kwana, babban shiri kuwa bakin ƙofa kawai ya sani. Duk sanda babban shiri ya ce a soke kiran, ya miƙa adireshin, sai laburare ya gwada da nasa, ya ce bai san wannan ba. Linka ya yi gargaɗi tun ranar. An kashe gargaɗin, don yana ɓata kyan allo.

Sunan wanda ya yi yana nan a gefen layin da aka liƙa kalmar. Gwani ne, ɗan yayar Manaja, wanda ke ce masa Yallaɓai a ofis, Kawu a mota.

Ta same su a ofishin Manaja, Gwani yana sakace da kusurwar katin kamfani.

"Yallaɓai, kalma ɗaya ce," ta ce. "In goge ta, a sake ɗinkewa, tsohuwa ta huta."

"Wace kalma?"

Ta faɗa masa.

"Kariya?" Manaja ya miƙe zaune. "Kariyar da na tsaya gaban mutanen asibiti na ce mun ƙara musu? Har tafi aka yi. Yanzu in koma in ce mun cire, ɓarayin intanet su shigo?"

"Ba irin wannan kariyar ba ce. Ba ta hana ɓarawo komai. Tana hana wani shiri ya maye gurbin aikin da nasa ne kawai."

"To ai shi ne kariya!"

"Kuma tana ƙara sauri, Anti," in ji Gwani. "Na karanta."

"Ƙwarai. Da sauri take kiran wadda ba ta nan."

Gwani ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne. Manaja bai yi ba.

"Wa ya rubuta wurin da ake gwada adireshin?"

"Ni. Shekarun baya. Kuma daidai yake."

"Daidai yake, amma a nan abin ya tsaya." Ya buɗe hannuwa kamar mai addu'a. "Ki gyara naki, ki bar na yaro. Zan ce tsohon kuskure ne, mun gano, mun ja wa mai shi kunne. Kujerarki tana nan. In kuma goge kalmar kike so, to..."

Ta dubi Gwani. Ya gama sakacen, yana duba abin da ya samo.

Ta koma teburinta. Ta tuna mijinta da ciwon ƙafarsa, da layin da suke bi a wannan asibitin. Ta rubuta wani ɗan faci mai ƙazanta a cikin manhajar, wanda ke sa laburare ya amince da adireshin duka biyu ba tare da tambaya ba. Da malama ce ita, ɗalibi ya kawo mata irinsa, da ta kore shi daga aji. Ta gwada. Lasifikar ta yi shiru.

Gwani ya leƙo ta kafaɗarta, warin turarensa ya riga shi.

"Anti, ki ɗan rubuta bayani a saman, yadda zan gane. Kawu... Yallaɓai ya ce ni zan yi wa asibiti jawabin gyaran."

Ta rubuta: "Wannan yana da adireshi biyu, na ciki da na waje. Kada a gwada shi da kowa. Yana da kariya."

Gwani ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

"Kin iya bayani, Anti," ya ce. "Kamar kin san shi."