Yara Uku Masu Ƙafar Hagu

Tun ina yaro ba a taɓa zaɓata a langa ba. Da na kama ƙafa ɗaya na ɗaga, sai ƙasa ta kira ni, ni kuma ban iya ƙin amsa kira ba. Da na girma na zama mushen lissafi, wato malami, a kwalejin Belbeji, sai na ce to Nafi'u, tunda tsalle ya gagare ka, zauna ka ƙirga masu yi.

Wata bakwai na yi ina gina manhajar a tsohuwar kwamfutata. Aikinta ta riƙe duk abin da ya faru a gasar langar yara ta Damargu: wa ya buga, da wace ƙafa yake tsalle, mutum nawa ya kayar, sau nawa ya faɗi, sau nawa ruwansu, wato ɗan wasan da suke karewa, ya kai wurin sha. Na sa ta a waya uku, ta abokan aikina biyu, Hamza a Tanout da Idris a Gangara, da tawa a Belbeji. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ga dama, alƙaluman su taru wurina. Na kuma sha alwashi a gaban iyaye cewa bana babu ɗan wane. Yara goma sha biyun da za su je gasar jiha a Damagaram, manhaja ce za ta fitar da su. Har na ƙara wata doka da hannuna, ina jin kaina: wanda bai buga wasa goma ba, ba ya shiga.

Matata Halimatu tana cewa na auri alƙaluma na bar ta da gadin gida. Ba ta yi ƙarya ba. Da azahar, in zafin bazara ya kwantar da gari, nakan kishingiɗa ƙarƙashin bedi ina zame yatsa a kan waya. Idona ya yi nauyi, sunayen su tashi daga gilashin, kowanne ya kama ƙafarsa, su yi ta tsalle a kan rairayi babu sauti, har su shige kawalwalniya. Ina son waɗannan yaran, wallahi, har da waɗanda ban taɓa gani ba.

A irin wannan gyangyaɗin ne, ranar Laraba, saura kwana biyu in aika sunaye, na lura da wasu uku can ƙasan jeri. Maisuna a Tanout, wasa huɗu. Ɗan Nana a Gangara, wasa huɗu. Dodo a Belbeji, shi ma huɗu. Dukkansu da ƙafar hagu suke tsalle, kuma babu wanda ya taɓa faɗuwa ko sau ɗaya. Dodo kam na san shi, ni na rubuta shi: siririn yaro ɗan makiyaya, mai tabo a haɓa, wanda in ya yi tsalle sai ka ga kamar ya manta da saukowa. Na duba kwanan wata. Na Tanout ya buga da kaka. Yana ɓacewa na Gangara ya bayyana da sanyi. Shi ma yana ɓacewa Dodo ya iso mana. Na bi su da yatsa a kan taswira, sai ga hanyar da shanu ke bi in sun gangaro daga arewa.

Na kira Hamza. Ya ce, "Mai tabo a haɓa? Ubansa ya kawo shi, na ce yaya sunansa, ya ce Maisuna." Na kira Idris, ya ce shi abokan yaron ne suka gaya masa. Ni kuwa daga bakin uwarsa na ji, ranar kasuwa. Yaro ɗaya, wasa goma sha biyu, amma manhajata ta yanka shi uku, kuma dokata ta zubar da kowane yanki. Haushin kaina ya kama ni. Ni da uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta rasu, na gina akwati guda tak na ce a zuba suna a ciki!

Haɗe ukun ba wuya, aikin minti biyu ne. Sai dai Damagaram sunan yanka suke so, wanda ke kan takardar haihuwa, kuma kafin la'asar ɗin Juma'a. Babu wanda ya san shi cikinmu.

Ranar Juma'ar, ana saukowa daga masallaci na hau moto, ɗan babur ɗina, na nufi arewa, ina tambayar rugar Adamu, uban yaron. Hanya ta yi laushi, motona yana iyo a rairayi. Farin raƙumi ya tsaya a kan tudu, ƙafafunsa sun narke cikin zafi, sai ka ce rataye shi aka yi. Na wuce rijiya, na wuce bishiyoyin ƙirya biyu da aka kwatanta mini, sannan na hango bukkoki.

Ba kowa sai Nana, uwar yaron, tana kaɗa nono, da jaririya a bayanta. Maza sun kai dabbobi wata rijiya mai nisa, sai gobe. Takardar kuma tana cikin jakar uban. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta miƙo nono a ƙwarya. Na sha, na yi mata bayani tun daga farko.

Ta ce, "Mushe, ka rubuta Dodo mana. Ai yana amsawa."

Na ce, "Inna, can ba su san Dodo ba. In ban aika sunan gaskiya kafin la'asar ba, motar Damagaram za ta tashi babu shi."

Ta ci gaba da kaɗa nononta. "Ɗan fari ne. Kuma sunan baban maigidan nan aka mai da mishi. Da wane bakin zan faɗa?"

Na san amsar kafin in tambaya, amma gaggawa ta sa na ce ko sau ɗaya ne, ba mai ji. Ta dube ni irin duban da ake yi wa babban da ya yi abin yara. Na ji kunya ta rufe ni. Inuwar bukka ta riga ta fara miƙewa gabas.

Can na ce, "To ni zan faɗa. Ke dai in ba shi ba ne, ki ce a'a."

Ba ta hana ba, sai na fara.

"Buba?"

"A'a."

"Idris?"

"A'a, mushe."

Na yi ta jero su, na annabawa, na sahabbai, na ɗalibaina na bana da na bara. Iska mai ɗumi tana kaɗawa, maburgi yana juyawa, a'a ɗinta tana zuwa a hankali kamar mai yi wa jariri waƙa, har na fara mance abin da ya kawo ni. Na kai ashirin da wani abu.

"Almustafa?"

Maburgin ya tsaya. Ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya tana kallon wani ɗan akuya da bai yi komai ba.

Na rubuta. Na haɗe ukun, na ga sunan ya taso daga ƙasan jeri ya zauna a kan na ɗaya. Na ruga kan tudu, na ɗaga waya sama ina juyi kamar mahaukaci har rezo ya kama. Saƙon ya tafi saura kaɗan a kira salla. Na daɗe ban ji daɗi irin na lokacin ba.

Da na sauko ta ce me aka rubuta. Na karanta mata: "Almustafa Adamu. Wasa goma sha biyu, ya kayar da talatin da ɗaya, bai faɗi ba ko sau ɗaya."

Ta taɓe baki. "Wannan? Tsallen banza ne ya iya. Ka aike shi ɗaurin maraƙi ka gani."

Na yi dariya, na yi mata sallama, na tura moto. Har na ɗora ƙafa zan tayar sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Mushe, sake karantawa."

Na ciro wayar. "Wasa goma sha biyu, ya kayar da…"

Ta ce, "A'a. Daga farko."