Gawayin Inna Ƙaltume

Inna Ƙaltume na durƙushe tana tura jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin ƙofa aka buga ƙofar daga waje, irin bugun da ba na mai neman loma ba. Muna zaune kan tabarma, hannuwa cikin tire. Ƙawarta, wadda ake kira Uwa, ta tsaya cak da cinyar kaza a baki.

"Ya Kaltum, iftahi!"

Abu Saif ne, mai gidan da muke haya a unguwar Sih. Kakansa da ƙafa ya zo Madina daga ƙasar Katsina, amma shi Hausar a kunne ta tsaya masa. Yana ji sarai, in zai mayar kuwa sai ya gauraya da Larabci. Inna ta ja mayafi ta buɗe ƙofar kaɗan, hayaƙi ya riga ta fita.

"Wari, ya Kaltum, wari har hawa na uku! Mutanen sama sun ce za su tashi. Gawayi mamnu', an hana, na faɗa, na faɗa. Wannan daddawa kuma a'a."

"Abu Saif, daddawar ga ita ta raini kakanka."

"Kakana Allah yarhamu. Ni ina da masu haya." Ya ɗaga yatsa. "Marra ɗaya kuma, ki sake sau ɗaya, khalas. Ki nemi wani ɗaki."

Ya hau bene yana tari. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Bara da ƙafar Inna ta kumbura shi ya kai ta asibiti a motarsa. Amma sababbin mutanen sama ba su san daddawa ba, kuma ba su zo Madina don su koya ba.

Inna ta rufe ƙofa, ta mayar da tsummanta, ta ƙara wani a kansa.

"Ku ci," ta ce. "Abinci bai jiran mai gida."

Ni Raudatu, ƙofata na kallon tata a hawan ƙasa. Shara nake yi a wata makarantar 'yan mata, mijina Zakiru kuma yana aikin dabino a wata gona a Awali, sai ranar Juma'a bayan masallaci yake zuwa gida. Inna Ƙaltume mutuniyar Maraɗi ce, ta ba hamsin baya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta taɓa haihuwa ba. Kwana shida na mako tana wanke tukwane a wani gidan biki, tukwanen da yaro zai iya kwanciya a ciki. Tana kallon buhunan shinkafa da raguna suna shiga cikin mutanen da ba za su taɓa sanin sunanta ba. Juma'a kuwa tata ce, kuma a ranar ita ce sarauniya.

Duk abin da ta samu a ciki yake ƙarewa, cikinta da namu. Kaza ta kwana cikin yaji da tafarnuwa, ta gasu sannu a kan garwashi har fatar ta yi ƙyalli. Tuwon shinkafa da miyar taushe wadda man shanu ke iyo a kanta. Wani makon dambu da zogale, wani makon farfesun kayan ciki da ke sa mutum share hanci da gefen mayafi. Ga zoɓo da citta da kanumfari, jajir, mai sanyi, tana zuba mana a kofunan gilashi masu dogon wuya da aka yar a gidan biki don bakinsu ya ɗan ɓantare. Uwa, wadda ke aikin gida wurin wasu Larabawa, sai ta riƙe nata da yatsa biyu ta ɗaga hanci.

"Ku gafarce ni, ni matar wazir ce, ba na magana da masu shara."

Mu kwashe da dariya har wata ta ƙware. A ɗakin nan kaɗai muke dariya da baki buɗe. A waje kowacce sunanta "ya bint", wato yarinya, ko "ke", a ciki kuwa kowacce na da suna da gari da labari. Ina son matar nan ƙwarai, so irin na uwa, ko da yake bakinta ya fi barkononta zafi.

Sai dai duk ranar da muka ci abincinta mukan tashi da nauyin kai. Barci ya riƙa fizgar mutum tun hannu na cikin kwano. Sundus, ƙaramarmu, ta taɓa yin amai a bakin matakala. Muka ce maiƙo ne. Inna har taƙama take yi.

"Girkin da bai kada mutum ba, ai ba girki ba ne."

Zakiru ne ya fara tsorata ni. Shi ke kawo mata gawayi daga gona. Wata Juma'a ya miƙa buhu daga bakin ƙofa, ya ga tsummokin nan, ya ga murhu na ci a tsakar ɗaki, sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Inna, haka kike yi? A rufe?"

"To a buɗe zan yi, a kore ni?"

"Bara da sanyi, a gonar da ke maƙwabtaka da mu, ma'aikata biyu suka shiga da garwashi ɗaki suka rufe. Da safe aka fito da su a miƙe. Ba ƙuna, ba ihu. Barci kawai suka yi. Abin da ke kisan ba shi da wari, Inna, ba hayaƙin da kike gani ba ne."

"Waɗanga ba su san wuta ba. Ni bakin murhu anka haife ni. Kakata da kaskon wuta take kwana duk sanyi, ta kai tasa'in."

"Ɗakin kakarki na ciyawa ne, iska na shiga ta ko'ina. Wannan siminti ne da alminiyam, an yi shi ne don kada sanyin na'ura ya fita."

"Zakiru, tahi ka hau dabinonka."

Daga ranar bai sake kawo mata gawayi ba. Sai ta koma saye a baƙala, ɗan kantin bakin titi, a 'yar jaka.

Na yi magiya iya magiya. Na ce ta yi da gas, ta ce gas na dafa abinci amma ba ya ba shi rai. Na ce mu hau rufin gida, ashe Abu Saif ya sa kwaɗo. Gonar Awali ba a shiga da baƙi, kuma wa zai kwashi mata biyar ya kai? Tagar ɗakinta ɗaya ce tal, ita ma ba titi take kallo ba. Wani siririn rami take kallo da ya bi tsakiyar ginin har sama, inda tagogin kicin na kowane hawa suke buɗewa. In ta buɗe ta, kamar ta ɗauki tukunyar ne ta kai wa mutanen sama har gado.

"Raudatu," ta ce mini wata rana, ba wasa a muryarta, "in an kore ni nan, ɗakin ma'aikata za ni, gado bisa gado, ko shayi ba a dahwawa. In babu Juma'ar ga, mi ya rage mini? Wankin tukunya?"

Na bar maganar. Muka koma cin abinci da sauri, ina tashi ina buɗe ƙofa da sunan zan ɗauko wani abu a ɗakina, tana harara ta.

Ana cikin haka, a tsakiyar sanyi, Uwa ta zo da labari. Mutanen gidanta za su koma Riyad, sun yi mata takardar fita ta ƙarshe, ranar Asabar za ta hau jirgi zuwa gida. Ita da Inna tare suka zo ƙasar nan. Muka zaci Inna kuka za ta yi, sai ta buga cinya.

"Langaɓu! Ba ki barin garin Manzo ba ki ci langaɓuna ba."

Ran Alhamis da yamma ta dawo da ƙafafun sa da kan rago, an babbake mata su a mahauta. Duk wanda ya san langaɓu ya san ba girkin sauri ba ne, tun asuba ake ɗora shi ya yi ta ɓararraka har rana ta take. Na shiga na tarar da ita a kan kujera tana liƙa kwali a jikin taga.

"Inna, don girman Allah."

"Ƙamshin abin ga ya hi na kaza nisa."

"To ki ɗora ki fito. Ki zo ɗakina mu zauna, ki riƙa leƙawa."

"Na ji."

"Ki ce wallahi."

"Ke, ɗiyar ga! Wallahi in na tuƙa tuwo ina hitowa. Ki dahwa mini shayi mai na'ana'a."

Sanyin Madina ba ya zuwa da hayaniya, ƙashi yake nema. Da safiyar Juma'ar na dafa shayi na zauna ina jira. Gidan tsit, kowa na ramuwar barci. Shayi ya huce, na sake ɗora shi. Da rana ta ɗan ɗaga na je na ƙwanƙwasa a hankali.

"Inna, shayi."

"Ina zuwa. Tuwo nike kwashewa." Sai ta rage murya. "Ya hita?"

Na leƙa ƙofar gida. Abu Saif na bakin titi da bokiti yana wanke motarsa, ƙofar gidan a buɗe, tsakaninsa da ɗakin Inna bai fi taku kaɗan ba. Kowace Juma'a da wuri yake tafiya Harami don ya sami sahun gaba. Ranar nan kuwa ko jallabiyar masallaci bai sa ba.

"Yana nan, mota yake wankewa."

"To bari ya tahi. In na buɗe yanzu ƙamshi na hita, shi ke nan."

Na koma ɗaki na kasa zama. Ina jin ƙarar ruwa a jikin mota. Ya gama gefe ɗaya, wani maƙwabci ya tsaya, suka ɓalle da hira. Na sake komawa.

"Inna, buɗe kaɗan kawai ki fito, mu rufe da sauri."

Ta daɗe kafin ta amsa, muryar kamar daga cikin bargo.

"Kaina ke sara. Bari in ɗan miƙe bayana."

"Kada ki kwanta! Inna, kada ki kwanta, ki buɗe!"

"Ki bar ɗaga murya, yana ji."

Na tsaya da goshina a jikin ƙofar. Ƙarfen da ɗumi. Ko ɗigon ƙamshi ba ya fitowa, ta iya aikinta. In na kira mutumin nan na raba ta da ɗakinta da Juma'arta, kuma ba za ta yafe mini ba. In ban kira ba, ga abin da Zakiru ya faɗa. Tsoro ya kama ni. Na kira sunanta, shiru. Na buga da tafin hannu, na buga da ƙarfi, ban ji ko motsin tabarma ba.

Da gudu na fita, ko mayafi ban gyara ba.

"Abu Saif! Gawayi take yi, ta kulle, ba ta amsawa!"

Ya juyo. Soson ya faɗi daga hannunsa. Mabuɗinsa ya juya amma ta sa sakata ta ciki, sai da ya haɗa da maƙwabcin nan suka yi ta dukan ƙofar da kafaɗa kafin ta ɓalle. Zafi ya bugo mu, ƙamshi ya biyo baya, ƙamshin da ban taɓa jin irinsa ba.

Tana kwance a gefen tabarma ta yi matashi da hannunta. Tuwo na jere a kula, kofuna a wanke a kife. Tukunya na ta ɓararraka a hankali. Fuskarta lumui, leɓɓanta ja kamar ta sha zoɓo. Suka jawo ta waje, Abu Saif na durƙushe yana kiran "Ya Kaltum, ya khala, tashi," yana waya da ɗayan hannun. Masu motar asibiti suka zo suka yi ta danna ƙirjinta a nan bakin matakala. Ana kiran sallar Juma'a suka rufe ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Suka tafi da ita. Aka ce gawa za ta zauna a asibiti sai takardu sun fito daga wurin aikinta, jana'iza sai wani makon. Jami'an da suka zo suka kashe garwashin, suka ɓare kwalin taga, suka ce a bar ƙofa da taga a buɗe har gobe.

Bayan la'asar matan suka fara isowa, don ba duka labarin ya riska ba. Uwa ta shigo da sabon lalle a hannu da ledar lemo. Da na faɗa mata ba ta yi ihu ba, zama ta yi a kan matakala, lemon ya gangara ƙasa. Muka zauna tare da ita muka yi kuka har muka gaji. Mutanen sama na wucewa ta gefenmu a hankali, suna cewa Allah ya yi mata rahama.

Can Uwa ta share fuska.

"Gobe zan tafi. Ba zan ga an sallace ta ba." Ta dubi cikin ɗakin. "Don ni ta dafa?"

"Don ke."

"To a ɗauko. Ba a zubar da abincin Ƙaltume."

Ni da Sundus muka kinkimo tukunyar muka ajiye a bakin ƙofa. Naman ya saki ƙashi, ya dahu luguf. Muka yi bisimilla. Wallahi bai taɓa yin daɗi irin na ranar ba, kuma babu wadda ta iya buɗe baki ta faɗa. Uwa na ci hawaye na sauka a haɓarta, ba ta tsaya ba.

Iska na ratsowa ta taga ta fita ta ƙofa, ta bi ta kanmu. Muna ci a hankali, man da ke gefen tukunyar ya fara daskarewa yana yin fari.