Gawon da Ya Fito a Tarin Taki

Muhsina ta yi wa ƙwayoyin gawon nan gatan da ko jariri sai haka. Da hannunta ta ɓare su daga kwasfa, ta wanke su tas, ta shanya a inuwa, sannan ta shuka a leda sittin da ta jera a lambun kwalejinsu da ke Kaura Namoda. Safe da yamma tana ba su ruwa. Mako biyar cif, ko alamar tsiro babu.

Ita kuwa da bakinta ta jawo wa kanta. Da aka turo su lambun horon wata huɗu, Malam Maitama, mai kula da ɗalibai, ya ce kowa ya zaɓi aikin da zai amfani jama'a. Masu wayo suka ɗauki rubuta sunayen itatuwa a allo, suka huta. Muhsina ta ce ita 'yan firamaren Badarawa za ta gayyato, ta koya musu amfanin gawo a gona, kowane yaro ya koma gida da dashe guda. Aka kai wa hedimasta takarda, ya ce yara arba'in za su zo, aka sa rana. Malam Maitama kuma ba ya magana biyu: in babu dashe ba zai sa mata hannu ba, sai ta maimaita horon baɗi.

Saura kwana tara, tsoro ya gama cika ta. Ta rasa inda za ta sauke haushi, sai ta faɗa wa tarin takin da ke gindin famfo. Ruwa na ɗiga a kansa kullum, wasu 'yan tsirrai sun yi masa caa, abin duk ya ɓata mata tsarin wuri. Tun jiya take tumɓuke su.

A haka Nagoggo ta same ta. Dattijuwa ce mutuniyar Gurbin Bore da suka dawo gefen Kaura da dabbobinsu. Ita ke kawo wa ma'aikatan lambun nono, daga garkensu kuma ake ɗebo wa lambun taki. Ta sauke ƙwarya, ta tsaya tana kallon abin da ke hannun yarinyar.

"Ɗiyata, mi sunka yi miki?"

"Ciyawa ce, Inna."

"Wanga? Ai wanga gawo na."

Muhsina ta ɗaga tsiron ta duba. Ga 'yan ganyayyaki sirara a jere bibbiyu, sak irin na littafinta. 'Yar cikin gari ce, ta san gawo babba, ta san shi a takarda, amma ba ta taɓa ganin sa yana ƙarami ba.

Muhsina ta faɗa mata yadda ta wanke ƙwayoyin ta shuka, suka ƙi tsira. Nagoggo ta bi ledojin da ido, ta tono ƙwaya ɗaya, ga ta nan ƙyam yadda aka sa ta. Ta ce ɓawon gawo tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Sai akuya ko saniya ta ci kwasfar da rani, ƙwayar ta bi ta cikinta ta yi laushi, ta fito cikin kashi, sannan ta tsira. Shi ya sa ake yawan ganin gawo a inda garke ya zauna.

"Ke kin tsaya yi mishi wanka," in ji ta, "shi ko cikin akuya yaka so."

Muhsina ba ta iya dariya ba. Idonta na kan waɗanda ta watsar jiya, rana ta riga ta gama da su. Ta zagaya bayan tarin, wajen katanga, inda cinnaku suka kore ta ba ta taɓa ba. Ta durƙusa ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Arba'in da bakwai. Ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala, cinnakun na cizo ba ta ma ji ba.

Ranar nonon ma'aikata ya makara. Nagoggo ta hana ta ja da hannu, ta nuna mata yadda za ta zurfafa wuƙa ta ɗebo kowane tsiro da takinsa, don saiwar ta fi abin da ke sama tsawo. Biyar suka mutu a leda. Sauran suka miƙe.

Da yaran Badarawa suka zo, kowa ya sami nasa, biyu suka rage. Malam Maitama ya buɗe takardar horonta, ya riƙe biro, ya tambaye ta wace dabara ta yi ƙwayar ta fashe. Ta so ta kawo sunan wata hanya ta cikin littafi, sai ta hango Nagoggo a bakin famfo tana ɗauraye ƙwarya.

"Malam, ba ni na shuka su ba. Awakin Inna ne. Ni rabi ma na kashe."

Ya ce ta rubuta hakan a rahoto yadda ta faɗa, kada ta rage komai, sannan ya sa hannu. Ta ɗauki dashe biyun da suka rage, ta kai ta ajiye kusa da ƙwaryar.