Ciyawar Bayan Ɗakin Inna

Kogin da ya ratsa unguwarmu ya daɗe yana cin gaɓa. Kowace damina sai ya yagi ƙasa ya matso, har ya kusa taɓa bangon ɗakin Inna. Sai wata malama mai binciken ruwa ta zo da ɗalibanta, suka yi ta ɗibar ruwa a kwalabe suna auna laka, daga baya suka dasa ciyawar jema layi-layi a bakin gaɓar. Ta ce saiwarta tana nutsewa fiye da tsayin mutum, ita za ta riƙe mana bango. Tun daga nan gaɓar ba ta sake motsawa ba. Har kwaɗi suka dawo suna hana mu barci.

Ranar da babban baƙo zai zo ganin aikin farfaɗo da kogin, na dawo daga kai fasinja na tarar da ma'aikatan tsabtar gari a bayan gidanmu. Ba yanka ciyawar suke yi ba, tone ta suke da diga da shebur. Shugabansu kuwa Kawu ne, ƙanin Inna.

"Kawu, me kuke yi haka?"

"Shara. Ko idonka ma ya bar makaranta ne?"

Mutanensa suka kwashe da dariya.

"Ciyawar nan shuka ta aka yi. Ita baƙon zai zo gani."

"Ganin ciyawa? A gidansa babu? An ce bakin kogi ya yi fes. Mu in aka ce fes, sai mun ga ƙasa."

"To ku yanke sama ku bar saiwar."

"Ta sake tsirowa a ce ban iya aiki ba?"

Na kira malamar, tana wajen tarbar baƙo, ba ta ɗauka ba. Na jingine babur, na shiga tsakiyar ciyawar na zauna. Suka zagaye ni suka ci gaba da tono, wani har da cewa in ɗaga ƙafa. Abin da na danne kaɗai ya tsira.

Inna ta fito ta dubi jar ƙasa, ta dubi ƙaninta.

"Auta, ɗakina ka tone."

"Yaya, daga ofis aka ce. Ai kin huta da macizai."

Da motoci suka iso, malamar ta sauko ta tsaya cak. Baƙon ya yaba tsabtar wurin, aka tafa. Ta nemi magana, aka miƙa wa wani lasifikar. Ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ɗauki wata saiwa da rana ta riga ta busar. Ta ce ko yau aka sake dashe, ba zai kama ƙasa ba kafin ruwa ya sauka.

Da yamma hadari ya haɗo. Inna ta naɗe katifarta. Ni da Kawu muka ciccibi gadonta muka fito da shi falo, yana ta mitar cewa gadon ya cika nauyi.