Ranar Da Aka Tafi Da Na'urar Baba

Mai gyara ya naɗe wayar caji, shi da abokin aikinsa suka tura na'urar zuwa ƙofa. Tsayinta ya kai kafaɗar mutum, hannunta na hagu yana lilo.

"Gobe da hantsi za mu dawo da ita," in ji shi.

"Gobe?" in ji Auta. "Yau wa zai ɗaga shi?"

"Kafin ta zo wa ke ɗaga shi, 'yar'uwa?"

Ita ce. Shekara shida tana ɗaga mahaifinta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi, har bayanta ya riƙe. Likita ya ce in ta ci gaba, ita ma ɗaga ta za a koma yi. Sai Yaya, da ke aiki a wata ƙasa, ya aiko da wannan mutum-mutumi mai kula da tsofaffi. Baba ya ƙi yarda da shi. Idonsa ya riga ya tafi, hankalin ma rabi ya saura, muryar Auta kaɗai yake amsawa. Don haka kamfanin suka zaunar da ita a wani ɗaki mai sanyi tana karanta jimloli, aka sa wa na'urar muryarta. Ranar ta yi barci ta ƙoshi, ba inda ke mata ciwo. Muryar da suka ɗauka ke nan.

Wata goma sha huɗu ke nan. Ta samu aiki a wani kantin magani. Da safe ta fita yana barci, da yamma ta leƙa ta tarar an yi masa komai.

Ta kira wurin aiki ta nemi hutun kwana ɗaya, ta haɗa abinci mai ruwa-ruwa, ta jera ƙwayoyinsa uku a faranti. Ba a shan su sai da abinci a ciki.

"Baba, tashi ka ci."

Ya juyo da kunne. "Wace ce?"

"Ni ce, Auta."

Ya lalubo hannunta, ya shafa, ya saki. "Baiwar Allah, daga wane gida?"

"Daga wannan gidan, Baba. Buɗe baki."

"Auta za ta ba ni. Ki kira ta."

Ta kai cokali, ya kau da kai. Ta sake kaiwa, ya ture, abincin ya zube a rigarsa.

"Haba, Baba! Don girman Allah ka buɗe baki!"

Ya ƙanƙame jikinsa, ya ja bargo. "Na gane ki," ya ce a hankali. "Ke ce matar nan da ta taɓa zama a gidan nan. Mai tsawa."

Rana ta take bai sa komai a baki ba. Zanin gadon ya jiƙe, ya hana ta taɓa shi. Ta fita tsakar gida ta kira Yaya.

"Ya jikin ƙanwarki na'ura?" in ji Yaya yana dariya. "An ce an kai ta asibiti."

"Yaya, bai san ni ba."

"Rigimar tsufa ce. Lallaɓa shi."

"Ka zo ka lallaɓa shi."

"Auta, ina tsakiyar aiki. Kwana ɗaya ne fa."

Ta kashe wayar. A kicin ta tsaya tana kallon safar hannu ta roba da take wanke-wanke da ita. Hannun na'urar roba ne, kuma kullum da ɗumi. Ta ɗora ruwa, ta tsoma safar har ta ɗau zafi, ta goge, ta sa. Ta jawo ƙaramin teburin nan mai taya, ta turo shi a hankali yana ƙara har bakin gado, kamar yadda na'urar ke shigowa. Jimlolin suna nan a kanta. Ita ta karanta su.

"Barka da rana, Baba." Ta ɗan dakata. "Lokacin canza kaya ya yi."

Fuskarsa ta saki. "Auta! Ina kika shiga?"

"Ina nan, Baba. Zan ɗaga ka. Ɗaya. Biyu. Uku."

Wani abu ya tsarge mata daga ƙugu har dunduniya. Ta cije leɓe. Na'ura ba ta nishi.

Ta goge shi, ta canza masa riga, ta canza zanin gado. Ta ɗumama abincin.

"Ga cokali na farko, Baba."

Ya buɗe baki. Ya cinye tas, ya haɗiye ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya riƙe hannun robar da hannuwansa biyu.

"Wata mata ta shigo da ba kya nan," ya ce, ya rage murya. "Tsohuwar nan mai faɗa. Na sha wuya a hannunta, shekara da shekaru. Ke dai ba ki taɓa gajiya da ni ba. Allah ya yi miki albarka, Auta."

A shekara shida bai taɓa faɗa mata haka ba. Yadda maganar ta fito sumul, ta san kullum yake faɗa wa na'urar.

Akwai amsar wannan a cikin jimlolin. "Amin, Baba."

"Kar ki bari ta sake shigowa."

Ta dakata daidai yadda na'urar ke dakatawa.

"To, Baba."

Ta turo teburin ta fita, tana dafa bango. A kicin ta tarar da saƙon mai gyara a waya: abin da ya lalace a hannun na'urar babu shi a nan, sai an aiko, mako uku ko huɗu.

Ta karanta sau biyu. Daga ɗaki Baba ya kira, "Auta?"

Safar ta huce. Ta sake ɗora ruwa.