Rijiyar Goggo

Auta ce ta fara shiga jami'a a unguwarsu, kuma ita aka ɗauka daga can a shirin koyon aiki na sashen kiwon lafiyar jama'a, shirin da aka ware wa ɗaliban da ba a saba ganin irinsu a wurin ba. Ta zo da zumuɗinta, sai ga shi aikin bai wuce wanke kwalaben gwaji da tsayawa a sahun gaba in za a ɗauki hoto ba.

Da gudawa ta ɓarke a unguwar, aka gwada ruwa, aka gano rijiyar gidan goggonta ce ta gurɓace, wadda rabin layin ke ɗiba.

"Abin ya zo da sauƙi," in ji shugabar sashen. "Mutanenki ne. Je ki ce su daina sha har mu zuba magani."

Auta ta tarar da Goggo tana jan guga. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta yi bayani a tsanake: masai ya yi kusa da rijiyar, ruwan sama kuma ya tura ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa.

Goggo ta dire gugan. "Wato rijiyata ce mai kashi?"

"Ba haka na ce ba, Goggo. Ƙwayoyin cuta ne, ido ba ya ganinsu."

"Amma naki ya gani! Ke da na yi wa wanka da ruwan nan kina tsala ihu? Da yana kisa, ai da ba ki kai jami'ar ba."

Matan da suka zo ɗiban ruwa suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Likita, tunda an zo, a duba mini bayan nan nawa."

Auta ta koma washegari, ta sake komawa. Goggo ta miƙo mata ruwa a kofi da gangan, da ta ƙi sha kuma aka kai ƙararta wurin mahaifiyarta, wai boko ya sa ta fara ƙyamar dangi. A ofis kuwa shugabar ta ɗaga gira ta ce, "Har yanzu?"

Sai da aka kwantar da yaran maƙwabta a asibiti shugabar ta je da kanta, tare da Auta, cikin farar motar ofis. Abin da Auta ta yi ta faɗa shi ta maimaita, ba ƙari ba ragi. Goggo ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, tana gyaɗa kai.

"To, ranki ya daɗe, ai da tun farko an turo mana wanda ya sani."

Nan take Goggo ta sa aka rufe rijiyar da kwanon rufi, aka ɗora dutse.

A hanyar komawa shugabar ta juyo tana murmushi. "Kin gani? Ba su da wuyar sha'ani. Tunkararsu kawai za ki koya."

Auta ta cije leɓe ta ce, "To, Hajiya," ta mayar da fuskarta waje har suka isa.